Kafin ka sayi eriyar talabijin, nemi hasumiya tukuna

Babu wata eriya ta dijital, babu ta HD, babu ta 4K. Waɗannan duk rubutun jikin kwali ne. Eriya ƙarfe ce da aka yanka daidai da zangon da ake so ta kama, kuma ba ruwanta da abin da zangon ya ɗauko. Tsohuwar eriyar UHF (ɗaya daga rukunonin zangon da talabijin ke watsawa a kai) da ta shekara ashirin a kan rufi, muddin ba ta ruɓe ba kuma wayarta lafiya lau, za ta kama tashoshin dijital sarai. Aikin fassara sigina zuwa hoto na talabijin ne ko na dikoda, kuma nan ne ya kamata a fara dubawa, domin ƙasashe ba tsari ɗaya suke bi ba. Mafi yawan Afirka da Turai suna kan DVB-T2 ko wanda ya gabace shi, DVB-T. Amurka da Kanada suna kan ATSC, Japan da Brazil kan ISDB-T, Sin kuma tana da nata, DTMB. Talabijin da aka ƙera don wata kasuwa aka kai ta wata ƙasar, ko eriyar zinari aka ɗaura mata ba za ta nuna komai ba sai an haɗa ta da dikodar da ta dace. Haka nan dikodar tauraron ɗan adam, mai DVB-S2, ba ta karɓar siginar hasumiya.

In an gama da wannan, sauran zaɓin ya rataya ne ga tambayoyi uku, kuma ba a shago ake samun amsarsu ba: a wane zango tashoshin da kake so suke watsawa, ina hasumiyarsu take, kuma me ke tsakaninka da ita.

Mu ɗauki zango. Duk wanda ya saba sauraron rediyo a gajeren zango ya san mita 31 da mita 49. Wannan lamba tsawon igiyar sigina ce, kuma lissafinta ba wuya: raba 300 da adadin megahaz, wato ma'aunin saurin kaɗawar igiyar. Tashar da ke kan megahaz 600 tsawon igiyarta santimita 50 ne. Sandar da ke karɓar sigina a jikin eriya ana yanka ta kusan rabin wannan tsawo, wato santimita 25. Tashar da ke kan megahaz 200 kuwa igiyarta mita ɗaya da rabi ce, don haka tana son sanda mai santimita 75. A Amurka har yanzu akwai ƴan tashoshi a ƙasa-ƙasan VHF (rukunin zangon da ke ƙasa da UHF), tsakanin megahaz 54 da 88, inda sandar kan kai mita biyu da rabi. Shi ya sa ƴar falallen eriyar nan mai kama da takarda da ake mannawa a taga take kama wasu tashoshi ta bar wasu: girmanta na UHF ne, VHF ya fi ƙarfinta.

Talabijin da ake watsawa daga hasumiya galibi yana zaune a wurare biyu na zango. Akwai saman VHF, daga megahaz 174 zuwa 230 (a Amurka ya tsaya a 216), sai UHF da ke farawa daga 470. A da UHF yakan kai har 862, amma an yanke samansa an ba kamfanonin wayar salula. A Afirka da Turai yanzu ya tsaya a 694, wato tasha ta 21 zuwa ta 48, a Amurka kuma a 608. Wannan yana da tasiri a wurin saye. Eriyar da aka ƙera don tsohon faɗin galibi ƙarfinta ya fi yawa a can sama, daidai inda talabijin ya tashi wayar salula ta zauna. Wadda aka ƙera don 470 zuwa 694 ta fi dacewa da halin da ake ciki.

Kada lambar da kake latsawa a rimot ta ruɗe ka, ba ita ce ainihin lambar zangon ba. A tsarin dijital ana cusa tashoshi da yawa cikin zango guda, wani lokaci fiye da goma sha biyar a DVB-T2, kuma lambar rimot suna ce kawai da aka laƙaba. Ainihin lambar tana wurin hukumar da ke kula da watsa shirye-shirye ko kamfanin da ke riƙe da hasumiyar. In hakan ya yi wuya, shiga talabijin ɗin maƙwabcin da ke kama tashoshin, ka buɗe wurin neman tasha da hannu, za ka ga megahaz ɗin a rubuce. Inda ake bin faɗin megahaz 8, lissafin tsakiyar tasha shi ne ka ninka lambarta sau 8 ka ƙara 306: tasha ta 21 tana kan 474, ta 48 tana kan 690.

Sai nisa, inda aka fi yi wa masu saye ƙarya. Siginar VHF da UHF kusan miƙe take tafiya, duniya kuwa a lanƙwashe take, saboda haka akwai iyakar da ba eriyar da za ta tsallake ta a kullum. Injiniyoyi suna ƙiyasta ta da tsayin hasumiya da tsayin eriyar gida. Hasumiya mai mita 200 da eriya a mita 10 daga ƙasa, a fili shimfiɗaɗɗe, iyakarsu kusan kilomita 70 ce. In hasumiyar ta kai mita 300, sai ta haura 80 kaɗan. In tana bisa dutse tana iya wuce haka sosai. Amma kwalin da ya ce ƴar eriyar cikin ɗaki za ta jawo tasha daga ɗaruruwan kilomita, ajiye shi kawai. Gaskiya ne wasu darare, musamman idan iska ta kwanta kuma iska mai ɗumi ta hau kan mai sanyi, sigina kan yi tsalle daga gari mai nisa ta shigo. Kafin rana ta ɗaga ta ɓace, ba a gina shiri a kanta.

Abin da ke tsakani yakan fi nisan kansa muhimmanci. Gida mai nisan kilomita 40 da ke hangen hasumiya ba shamaki ya fi gida mai kilomita 10 da ke kwance a kwari bayan tudu. Dogon gini, tudu, da itatuwa masu duhuwa duk suna cin sigina, kuma UHF ya fi VHF shan wahala a nan. Itace ma yana da yaudara: a lokacin da ganye ya kaɗe hoto lafiya, da ya yi toho ya jiƙe da ruwa sai tasha ta fara yankewa, maigida ya yi ta zargin dikoda.

Yanzu ga ire-iren eriyar. Ta cikin ɗaki, ko mai kunnuwa biyu da zobe ko falalle, tana da amfani ne ga wanda ke kusa da hasumiya, a ce cikin kilomita 15 zuwa 20, kuma yana da taga da ke fuskantar wajen. Kunnuwan nan masu zuƙewa na VHF ne, zoben na UHF. Bangon siminti mai rodi a ciki yana rage sigina ƙwarai, rufin kwano kuwa kusan tare ta yake gaba ɗaya. Don haka shawarar nan ta a ɓoye eriya cikin silin, wadda ke aiki a gidajen da aka rufa da katako da tayil, ba ta da amfani a ƙarƙashin kwano.

A waje, wadda aka fi sani ita ce mai kama da ƙashin kifi. Sunanta Yagi, daga Hidetsugu Yagi da Shintaro Uda da suka fito da ita a jami'ar Tohoku ta Japan a 1926. Sanda ɗaya ce kawai a jikinta ke haɗe da waya. Na bayanta, ko sanda ko raga, tana maido da sigina gaba tana kuma tare wadda ke zuwa ta baya. Gajerun sandunan gaba su ne ke tattaro sigina. Yawansu da tsawon gangar eriyar su ke ƙara mata ƙarfi, amma gwargwadon ƙarfinta gwargwadon ƙuncin ganinta. Doguwar Yagi tana iya ba da desibel (ma'aunin ƙaruwa ko raguwar sigina) 14 zuwa 16, sai dai in ta kauce da digiri 15 ko 20 daga saitin hasumiya za ka ga bambanci nan take. Ta dace da mai nisa wanda duk tashoshinsa daga waje ɗaya suke.

Akwai mai kama da ita wadda sandunanta ke raguwa a hankali daga baya zuwa gaba, kuma kowace sanda haɗe take da gangar. Ana ce mata log. Ƙarfinta bai kai na doguwar Yagi ba, yakan tsaya wajen desibel 7 zuwa 10, amma daidai yake daga farkon zango har ƙarshensa, ba ta da nauyi, iska ba ta cika kama ta ba, kuma ba ta kwasar ƙarar injuna da yawa. Ga mai matsakaicin nisa, a ganinmu ita ce zaɓin da ba a cika yin nadamarsa ba. Sai mai raga a tsaye da ƴan fuka-fuki biyu, huɗu ko takwas a gabanta. Ganinta ya fi faɗi, saboda haka ita ake nema idan hasumiyoyi biyu suna gefe ɗaya amma ba a saiti ɗaya ba. Wadda ake tallatawa da cewa tana kamawa ta ko'ina kuma, gaskiya ne tana kamawa ta ko'ina, har da siginar da ta daki gini ta dawo da duk wata hayaniya. Sai inda sigina ke da ƙarfi.

Wajen karanta ƙarfin eriya, a lura da harafin ƙarshe na ma'aunin desibel da aka rubuta, dBi ne ko dBd. dBi ya fi dBd yawan lamba da 2.15 a kan eriya guda, masu talla kuma dBi suka fi so. Idan ka ga an rubuta 30 ko 36 a kan eriyar da ba ta fi tafin hannu biyu ba, ƙarfin bustar cikinta, wato na'urar ƙara sigina, aka rubuta, ba nata ba.

Wani abu da ake yawan mantawa shi ne kwanciyar sanduna. Wasu hasumiyoyi suna watsa sigina a kwance, wasu a tsaye, kuma dole sandunan eriyarka su bi yadda aka watsa. In aka saɓa, asarar kan kai desibel 15 zuwa 20, kusan duk abin da babbar eriya za ta ƙara maka ko fiye. Ɗaga kai ka dubi rufin maƙwabtan da hotonsu ke da kyau: inda eriyoyinsu suka fuskanta da yadda sandunansu suke sun amsa tambayoyi biyu a kyauta.

Da ma a bayyana desibel ɗin nan, don da shi ake duk lissafin. Asarar desibel 3 tana nufin rabin ƙarfin sigina ya tafi, 6 kuma kashi ɗaya cikin huɗu ne ya rage, 10 kashi ɗaya cikin goma. Ana tarawa ne ana debewa. Eriya ta ba da 12, waya ta ci 5, maraba, wato na'urar raba waya ga talabijin da yawa, ta ci 7, ka koma inda ka faro.

Wayar eriya mai om 75 ce (ma'aunin lantarki da ke sa ta dace da eriya da talabijin), kuma a nan mutane suka fi yin tsimin da ke cutar da su. Irin wayar da ake kira RG6, mai kyau, tana cin kusan desibel 5 zuwa 6 a kowace mita 30 a zangon UHF. RG59, wadda ta fi siranta, ta fi haka ci, RG11 mai kauri kuma ba ta kai haka ba, sai dai taurin lanƙwasawa gare ta, ana ajiye ta ne don doguwar tafiya. Fere bakin wayar ka gani kafin ka saya. Mai kyau tana da takardar alminiyam da ta naɗe farin cikinta ruf, sannan saƙar zaren ƙarfe mai yawa a kai. Idan zaren ƴan tsiraru ne har kana hango farin ta tsakaninsu, za ta zubar da sigina ta kuma shigo da hayaniya. In za a tura wutar busta ta cikinta, wadda tsakiyarta jan ƙarfe ne zalla ta fi wadda aka shafa wa jan ƙarfe a kan baƙin ƙarfe. Kada a naɗe ragowar waya a bayan talabijin, a yanke. Kada a karya ta a kusurwa, kada a matse ta da ƙusa har ta baje, domin tazarar da ke tsakanin tsakiya da saƙar ita ce ke riƙe da om 75 ɗin.

Kan waya ma haka. Zare ɗaya na saƙar in ya taɓa ƙarfen tsakiya, sigina ta mutu. Haɗin da aka yi da murɗa waya biyu a naɗe da salatif yana ɗaya daga cikin manyan dalilan yankewar hoto. A yi amfani da kai irin na F, wanda ake matsewa da abin matsi in da hali. Duk haɗin da ke waje a naɗe shi da tef ɗin roba mai manne wa kansa, kuma kafin waya ta shiga bango a sauko da ita ƙasa kaɗan sannan a ɗago, don ruwan sama ya ɗiga a nan maimakon ya bi ta zuwa ɗaki. Ruwa in ya shiga cikin waya ba ya fita. Saƙar takan yi baƙi ko kore, kuma tashoshin da ke saman zango su ke fara ɓacewa. Maganinta canji.

Mai son raba eriya ɗaya ga talabijin da yawa ya san kuɗin da zai biya da sigina: maraba mai baki biyu tana cin kusan desibel 3.5 a kowane baki, mai huɗu kusan 7, mai takwas kusan 11, ko da sauran talabijin ɗin a kashe suke. Bakin da ba a amfani da shi a toshe shi da ɗan murfi mai om 75.

A nan ne busta ke shigowa, kuma da gangan muka bar ta a baya. Busta ba ta ƙirƙiro siginar da eriya ba ta kama ba. Tana ƙara abin da aka ba ta ne, mai kyau da hayaniya tare, har ta ɗora tata hayaniyar a kai. Aikinta na gaskiya shi ne biyan asarar doguwar waya da maraba, don haka wurinta sama ne, kusa da eriya, kafin sigina ta raunana. Wadda aka maƙala a bayan talabijin ta makara. Wajen zaɓe, ƙarancin hayaniyarta ya fi yawan ƙarfinta muhimmanci: a nemi mai desibel 2 zuwa 3 ko ƙasa, da ƙarfin da ya ɗan haura asarar da aka lissafa, galibi 12 zuwa 20 ya isa gida. Kusa da hasumiya kuwa busta ɓarna take yi. Sigina ta yi yawa, ta cika bustar ko talabijin ɗin, tashoshi su ɓace kamar babu sigina sam. Alamar ita ce cire bustar ya gyara hoto.

Haka idan akwai turken wayar salula kusa, siginar 4G da 5G da ke zaune dab da saman zangon talabijin tana iya cika busta. Maganin ƴar matata ce da ke yanke duk abin da ya haura 694, ko 608 a Amurka, kuma tsakanin eriya da busta ake sa ta, ba bayanta ba. Game da wuta, dikodoji da yawa na DVB-T2 suna iya tura bolt 5 ta cikin wayar eriya, akwai wurin kunnawa a cikin saiti. Eriya mai busta a ciki tana bukatarsa, in ba haka ba ta fi marar busta muni. Eriyar da ba ta da busta kuma a kashe mata shi, don wasu sukan sa dikoda ta yi ta gargaɗin cewa waya ta haɗe.

Ranar ɗaurawa ana son mutum biyu, ɗaya sama ɗaya gaban talabijin. A shiga neman tasha da hannu a kan zangon da aka sani, za a ga sanduna biyu, ƙarfi da inganci. Inganci ake bi. Ƙarfi yana iya cika alhali hayaniya ce ta cika shi. A juya eriya kaɗan-kaɗan, a dakata daƙiƙa biyar zuwa goma kowane juyi domin allon yana jinkiri, a gano inda inganci ya faɗi ta dama da inda ya faɗi ta hagu, a tsaya tsakiya. A gwada tsayi ma. Sama ta fi kyau galibi, amma saboda siginar da ke dawowa daga ƙasa da rufi, ɗagawa ko saukewa da rabin mita kan canza sakamako sosai, wani lokaci ƙasa kaɗan ta fi. A bar aƙalla mita ɗaya tsakanin eriya da kwano ko tankin ƙarfe. Kuma a saita ta da tashar da ta fi rauni cikin waɗanda ake so, masu ƙarfin za su shigo da kansu.

Kada a tsaya da zarar hoto ya fito. A zamanin analog hoto yakan lalace a hankali, yayyafi na ƙaruwa, mutum yana gane inda yake. Dijital tsaf yake har bakin iyaka, daga nan sai ya farfashe ya daskare. Hoto mai kyau da rana tsaka bai nuna ko kana da rarar desibel 10 ko ta 1 ba. Gwaji mai sauƙi shi ne a sa maraba mai baki huɗu a layin na ɗan lokaci. In hoton ya jure asarar desibel 7 ɗin nan, akwai rarar da za ta ɗauki ruwan sama da iska. In ya faɗi, da sauran aiki.

Batun tsaro ba a sassauta shi. Bututun eriya ya yi nesa da wayar lantarki da aƙalla ninki biyu na tsawonsa har da eriyar, domin a lokacin ɗagawa ko faɗuwa ne yake taɓa waya ya kashe mutum. Bututun da ya haura mita uku sama da maƙalinsa na ƙarshe yana son wayoyin ɗauri ta fuska uku. A haɗa shi da ƙasa ta waya mai kauri ta jan ƙarfe, a miƙe gwargwadon iko, a kuma haɗa saƙar wayar eriya da ƙasa a inda take shiga gida, duka a kan turken ƙasa ɗaya da na wutar gidan. Wannan yana zubar da cajin da ke taruwa da na tsawar da ta faɗi kusa, amma ba ya hana aradu in ta sauka kai tsaye. In hadari ya taso da tsawa, zare wayar eriya daga bayan talabijin ya fi.

Idan daga baya matsala ta taso, lokacin da take zuwa yakan tona asirinta. Yankewa da iska na nufin noti ya saki ko reshe na kaɗawa a gaban eriya. Yankewa bayan ruwan sama, a duba haɗin waje da ɗan akwatin da waya ke shiga jikin eriya. In da kunna fitila take farawa, musamman a tashoshin VHF, ƙwan LED mai arha ne ko caja ko inbata, kashe su ɗaya bayan ɗaya zai nuna mai laifin. In kuwa rukunin tashoshi ya ɓace dare ɗaya alhali sauran lafiya, kafin a hau rufi a sake neman tashoshi daga farko, don mai yiwuwa an mayar da su wani zango ne.